Mai Lema da Allurar da ke Komawa Ciki

Shagon Mai Lema a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, wurin da dogon mutum ba ya shiga sai ya sunkuya. Shi da yake gajere ne bai taɓa yin ƙorafi ba. A nan ya yi shekara da shekaru yana gyaran lema da zik ɗin jaka da tocila, da duk wani ƙaramin abu da mai shi ke jin nauyin yarwa. Kawunsa ne ya koya masa sana'ar, ya rasu ya bar masa filaya da magagari da gwangwani cike da ƙusoshin da babu biyu iri ɗaya. Maƙwabcinsa Tela ne, mutum mai baki, wanda ba ya iya ɗinka maɓalli bai tsokani wani ba.

Matar Mai Lema kuwa Doguwa ake ce mata, sunan kuma bai yi ƙarya ba. Tela yakan ce in ruwa ya tsuge sai mijin ya hau benci kafin ya riƙe mata lema. Shara take yi a wani babban asibiti: ta goge ƙasa, ta wanke tasa, ta kwashe ledojin datti zuwa bayan gini. 'Ya'ya uku suka haifa, biyu suka koma tun suna goye, saura Auta.

Wata rana Doguwa na ɗaure bakin ledar shara sai ta ji tsit a gindin babban yatsanta. Allura ce da aka yi wa wani mara lafiya, aka jefa cikin leda tsirara, ta huda leda, ta huda safar roba. Doguwa ta matse wurin, ta wanke da sabulu, ta ci gaba da aikinta. Da yamma suna cin abinci ta ba mijinta labari tana dariya.

"Yau an yi mini allura kyauta, Maigida. Ba layi, ba kati."

Shi ma ya yi dariya. Daga baya wannan dariyar ta daɗe tana cin sa.

Bayan 'yan watanni idonta ya yi rawaya, abinci ya fita ranta. Aka gwada jini. Likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini, ya kuma ce ba zai iya rantsewa allurar ce ta jawo ba. Su dai ba su nemi ya rantse ba. Aka ba ta magani, ta samu sauƙi ta koma aiki, ciwo ya dawo, ta kwanta, ta sake tashi. Haka suka yi ta yi har jikin ya ƙi, ta ajiye tsintsiya.

Mai Lema mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace bai nemi inda ya faro ba. Ya zaunar da ita ya ce ta faɗa masa yadda allura ke zuwa cikin leda.

"Akwai kwalin da ake jefa su," in ji ta. "Amma kwali yana cika. Ma'aikaciya ɗaya, gadaje sun fi ƙarfinta, wannan na kira wancan na amai. Ba mugunta ba ce, hannu ne bai isa ba."

Yana sauraronta yana wasa da wani biro, irin wanda ake dannawa bakinsa ya fito, a sake dannawa ya koma. Ya danna, ya danna, sai ya tsaya yana kallon bakin biron. Ya kwance shi, ya zaro 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan ta ciki da ake kira sifirin, ya ɗora a tafin hannu.

"To me zai hana allurar ta koma ciki da kanta in an gama?"

Doguwa ta dube shi, ta yi kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Gwada mana."

Ya sayo sababbin sirinji a kantin magani, ya dinga yanka su da reza yana duba cikinsu. Abin da yake so mai sauƙin faɗa ne: in an tura madannin sirinji har ƙarshe, magani ya ƙare, wani abu ya saki sifirin, sifirin ya fizgo allura cikin bututu, a yar da ita ba tsini a waje. Yin sa ne ya zama aiki. In ya matse wurin da allura ke zaune don kada ruwa ya yoyo, sai allurar ta ƙi komawa. In ya sassauta, ruwan ya bi ta gefe ya jiƙa masa wando. Wata rana ya juya sifirin ba daidai ba, allura ta tashi kamar kibiya ta kafe a jikin labulen Tela.

"Injiniya," Tela ya leƙo, "ni lafiyata ƙalau. In rigakafi za ka yi mini, ka bari in kwanta tukuna."

Daga ranar sunan ya bi shi. Yara ma in sun wuce sai su ce Injiniya ina kwana.

A gida Doguwa ce ma'aikaciyar jinya. Takan zauna a bakin gado da lemo a hannu, ta zuƙi ruwa a sirinjin da ya kawo, ta ce wa lemon ya yi haƙuri ba zafi, ta caka. In abin ya ƙi, ta ce mara lafiya ya ce a sake shiri. Auta, wadda ta zama budurwa a lokacin, ta yi ta dariya tana shanye lemon da suka tsira. Cikin Doguwa na kumbura, ƙafafunta na yin nauyi, wuyanta na ramewa, shi kuwa Mai Lema kansa na sunkuye a kan robobi. Masu kawo gyara suka gaji da a dawo gobe. Dama lemar ta yi arha a kasuwa, in ta karye sai a yar a sayi wata.

Damina ta zo ta wuce sau da yawa kafin ya dace. Ya yanko ɗan zobe daga robar tayar keke, ya goge shi har ya yi sirin gashi, ya zaunar da allura a kai. Doguwa ce ta gwada, da hannuwa biyu don ƙarfinta ya ragu. Ruwa ya shiga lemo, madanni ya kai ƙarshe, aka ji ƙyas. Ta ɗaga sirinji. Babu allura a bakinsa, tana can kwance a ciki.

Mai Lema ya fita tsakar gida ya wanke fuska ya dawo.

"Gobe zan kai wa Sista," ya ce. Sista ita ce shugabar ma'aikatan jinya a ɓangaren da Doguwa ta yi aiki, mace mai kirki da takan aiko a gaishe ta.

"Ka bari mana sai na ji sauƙi mu je tare."

"Kowace rana akwai mai ɗaure leda, Doguwa."

Ta miƙa masa sirinjin.

Ya sa rigarsa mai kyau, ya naɗe sirinjin a hankici. Sista ta karɓe shi a ɗan ofishinta mai warin maganin goge ƙasa, ta tambayi mai jiki, ta ba shi kujera. Ya nuna mata. Ta sa ya sake, ya sake, abin bai ba shi kunya ba. Ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Baba, kai kaɗai ka yi wannan?"

"Ni da mai ɗakina."

Sai Sista ta jawo durowar teburinta, ta ture tarkace, ta ɗauko wani sirinji a cikin ledarsa ta kamfani, ledar har ta soma yin ja don daɗewa. Ta farke ta miƙa masa.

"Danna har ƙarshe."

Ya danna. Ƙarar ma ba ta kai tasa ba. Allura ta shige kamar an haɗiye ta. Ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya ga sifirin, ya ga ɗan zoben da ya cinye masa shekaru, an zuba shi sumul, babu alamar reza. Abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne, "Kai, wanda ya yi wannan ya iya aiki."

"An daɗe ana yin su," in ji Sista a hankali. "Wani dillali ne ya kawo mana samfuri. Mun nema, aka ce sun fi na kullum tsada. Mun sake nema, aka ce a jira."

"Tun yaushe yake nan?"

Ta kalli durowar, ba ta kalle shi ba. "Tun kafin abin ya sami matarka."

Ya yi godiya, ya naɗe nasa a hankici. Ta ce ya tafi da na kamfanin, ya ce a'a, a bar shi inda yake.

Da ƙafa ya koma gida, ko da yake da nisa. A hanya ya shirya abin da zai faɗa: sun yaba, za su duba. Ya shiga ɗaki ya tarar da Doguwa a jingine da filo. Bai buɗe baki ba ta riga shi.

"Ta nuna maka na cikin durowa?"

Ya tsaya riƙe da labule.

"Ni nake goge teburin nan," ta ce. "Na san shi."

"Kika bar ni ina ta fama?"

"Da na faɗa maka, me za ka yi? Ka zauna a nan ka zuba mini ido ina kumbura. Gara ina jin ƙarar magagarinka."

Ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta ɗora hannu a kansa, hannun ba nauyi. Ba ta kai ƙarshen wannan shekarar ba.

Bayan rasuwar, asibitin ya aiko cewa don tausayawa za a ba Auta gurbin mahaifiyarta. Mai Lema ya ce sam. Auta ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi lema nawa aka kawo gyara a makon. Ba su taka kara sun karya ba. Ta fara aiki.

Ya ƙera mata dogon mamatsi da ƙarafan tsohuwar lema don ta riƙa ɗaukar leda daga nesa, Tela kuma ya ɗinka mata safar hannu mai kauri, bai yi ko tsokana ɗaya ba. Ta yi amfani da su kwana kaɗan. Mai duba aikinsu ya ce tana ɓata lokaci, abokan aiki suka sa mata suna Mai Ƙaho saboda mamatsin, ta dawo da su ta jingine a bayan ƙofa.

Idon Mai Lema ya soma hazo, ƙusa ta faɗi ya kasa ganinta. Mai benen ya ba wani mai cajin waya ƙarƙashin matakalar. Yanzu a bencin Tela yake wuni, yana riƙe masa bakin yadi in zai yanka. Ba ya maganar sirinji, in wani ya ce Injiniya ma ba ya waiwayawa. Da la'asar yakan riga Auta isa gida, ya zauna a bakin ƙofa, in ta shigo ya ce ta kawo hannuwanta. Sai ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, tunda ido ba ya yi masa aiki.

Rannan ya ji filasta a ɗan yatsanta na tsakiya.

"Mene ne wannan?"

"Wuƙa ce, Baba. Albasa nake yankawa."

Ya san tun safe ba ta shiga kicin ba. Ya riƙe yatsan ya daɗe, ita kuma ba ta janye ba. Daga baya ya sake ta ya ce ta je ta huta. Ta shige ɗaki, ya ji ta buɗe famfo, ruwa ya yi ta zuba.