Riɗin Badamasi

Badamasi masinja ne a wani ofis a Gumel, amma in ka gan shi ranar Juma'a cikin shadda sai ka rantse shi ne darakta. Albashinsa ba ya kai goma ga wata, duk da haka gidansa ba a cin tuwo babu nama. Ga kujerun kushin, ga janareta, ragon suna kuwa sai ya fi na maƙwabta. Badamasi dai, Allah ya shirya, ya fi tsoron a ce ba shi da shi fiye da tsoron bashi.

Abu ɗaya ya rage masa, gonar da ubansa ya bari a Gagarawa. Da damina ya sayar wa Ubale, dillali a Maigatari, riɗin gonar tun yana tsaye, ya ba shi takardar gonar a matsayin jingina. Wata bai cika ba kuɗi suka bi ruwa. Da bikin ƙanwarsa ya taso, sai ya sake sayar da riɗin nan ga wani ɗan kasuwa, Shehu. Matarsa Tayyiba ta ce, "Malam, gona ɗaya ce fa." Ya ce ta bar masa, Allah na nan.

Aka yanke riɗi, aka ɗaɗɗaure, aka jingine ya bushe. Ranar kakkaɓa Ubale ya iso da buhuna da mutanensa, sai ga Shehu da nasa.

"Wa ka sayar wa?" in ji Ubale.

Badamasi ya fara rantse-rantse. Ubale ya kwashe shi da mari, hula ta yi gefe. Shehu ya shaƙe masa wuya har rigar ta tsage, sannan mutanen Ubale da na Shehu suka kaure da juna, gora da lauje. Aka fasa wa ɗaya kai, wani ya faɗa kan riɗin. Busasshen riɗi kuwa ko girgiza ba ya so, nan take ya fara zuba cikin yashi.

Badamasi ya kutsa tsakani yana roƙo, "Ku dake ni, amma ku bar jikin riɗin." Ya kai hannun dama zai tare dami, lauje ya sauka. Yatsu uku suka tafi. Yana kwance cikin jini yana kallo aka tattake noman shekara.

Washegari Tayyiba ta je da rariya tana tankaɗe ƙasa tana kuka. Mudu huɗu ta samu, rabi yashi. Shehu ya kwashe kujeru da janareta, Ubale ya riƙe gona.

Har yanzu Badamasi na kai takardu, da hannun hagu. In yana cikin motar Gagarawa ta zo daidai gonar ubansa, sai ya sunkuyar da kai har a wuce.