Sharar Bayan Taga

"Malam, aikina na neman kuɓuce mini," in ji Hadiza, tsohuwar ɗalibata a Ƙanƙara, da ta kira ni jiya.

Rumbun bayanan da take kula da shi yana kan kwamfutoci da yawa, memorinsu, wato ma'ajiyarsu ta wucin gadi, na cika suna mutuwa. In ta duba sashen memorin da manhajar rumbun ke sharewa da kanta, sai ta gan shi fes.

Na ce, "Da kuke share aji, ina kuke zuba sharar?"

Ta yi dariya. "Bayan taga, Malam, inda ba a dubawa."

Da yamma ta gano matsalar a waje da wancan sashen, inda ba a dubawa: wani ɓangaren manhajar ke aron memori ba ya mayarwa. Ta gyara.

Na yi kewar ajin nan. Ku fa, ina kuke ɓoye taku sharar?