Kukan Ƙarfen Baya

Aksul ɗin a-kori-kurata ya karye ne da rana tsaka, ina ɗauke da albasa, ina gab da shiga Ƙofar Taramniya. Na ji ƙas daga baya, sai motar ta zauna gefe guda kamar jakin da ya gaji. Na sauko ina masifa, na zagi ramin, na zagi wanda ya yi titin, alhali na san ni na yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Ga wanda bai san mota ba, aksul shi ne ƙaton ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin baya yana juya su. In ya tafi, mota ta zama rumfa.

Bakanikena ya zo ya leƙa, ya ce wannan ya wuce walda, sai dai a nemo wani. Muka nufi wurin masu tsofaffin kayan mota. Can ƙarshen fili wani mutum marar son magana ya nuna mana guda ɗaya jingine da katanga, laka da baƙin mai sun daskare a jikinsa. Na tambaye shi daga wace mota aka ciro, ya ce shi dai kawo masa ake yi, ba ya tambaya. Bakanike ya juya shi da hannu, ya kasa kunne, ya ce lafiya lau ne. Na ce a ɗauka.

Aikin ya cinye mana sauran yinin a ƙarƙashin dogonyaro, ga zafin Sakkwato da kan sa sifana ta ƙone hannu. Muka juye albasar a wata mota, muka ɗaga tawa da jak muka tokare ta da kututture, muka kwance farfela, sandar nan mai kawo juyi daga inji, da wayar birki, muka saki notinan da ke ɗaure ƙarfen da sifirin. Tsohon ya fito da ƙyar, har da guduma. Abin da ya ba ni mamaki, wanda muka sayo ya shige wurinsa ba gardama, ko bugu ɗaya bai nema ba. Bakanike ya yi dariya ya ce kamar dama jiran motar yake. Ni ma na yi dariya a lokacin.

Bayan la'asar na kama hanyar gida, Ƙofar Rini. Ina ɗaga ƙafa daga totur a kwanar farko sai na ji wani siririn kuka daga bayana, yana hawa yana sauka, kamar mace na guɗa can nesa da gari. Na duba madubi, ba kowa a bayan mota sai buhunan da babu komai ciki. Na taka, kukan ya ɗauke. Na saki, ya dawo. Wallahi na san kukan nan, amma kaina ya ƙi gaya mini inda na san shi.

Ina da wa, shi ne ɗan farin Inna, shi ya koya mini tuƙi. Shi ma a-kori-kura gare shi, irin tawa. Shekarun baya ya fita wata safiya zai ɗauko gero a ƙauyukan gabas, bai dawo ba. Ba a ga mota ba, ba a ga gawa ba, ba wanda ya kira ya nemi wani abu. Malaman unguwa suka yi ta lallashin Inna a yi masa addu'a a karɓi gaisuwa, ta ce ba a gidanta ba. Kullum sai ta ware masa tuwo a kwanonsa ta rufe, da safe a ba yara. In na yi magana, ta ce in fita idonta. Idanunta sun riga sun yi rauni, saboda haka da kunne take jiransa.

Na shigo lungunmu a hankali, kukan yana biye da ni. Ban kai ga tsayawa ba sai ga Inna a bakin zaure, ba takalmi, ba mayafi, tana laluben bango. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da dalili. Sai ta ɗaga murya ta kira sunan Yaya.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji. "Wanka" take cewa in da ni take, ko "wancan". Ranar ta kira shi da sunansa na yanka, a gaban maƙwabta, ta sake kira. Ni kuwa na kasa buɗe ƙofar mota, don a lokacin na tuna: haka motar Yaya take kuka in ta shigo lungun nan, har mukan tsokane shi mu ce amaryarsa ta iso.

Na sauko na ce, "Inna, ni ne."

Ta tsaya, fuskarta na kallon bayan motar, ba inda nake ba. Ta ce, "Kai na ji muryarka. Shi ina ya tsaya?"

Na kwanta a ƙasa na shige ƙarƙashin mota da sukudireba, na fara kankare lakar da ke jikin ƙarfen. Ina kankarewa ina roƙon Allah kada in ga abin da nake nema. Akwai shekarar da aksul ɗin Yaya ya tsage kusa da tsakiya, ya rasa ƙarfen faci, ya ɗauki bakin tsohuwar galmar mahaifinmu ya kai aka liƙa da walda. Ni na riƙe masa ita mai walda na aiki. Lakar ta zube mini a fuska, sai ga bakin galmar nan, da ɗan lanƙwasarsa, da gibin da dutse ya yi masa a gonarmu.

Na daɗe a kwance a wurin. Tsoro nake ji, ba na aljani ba, na fitowa in dubi tsohuwar nan. Motar da aka yanka aka sayar gunduwa-gunduwa, kowa ya san ba mai ita ne ya kai ta ba.

Ashe Inna ta durƙusa a gefen taya. Ta miƙo hannu ta ce in ɗora mata a kan abin da na gani. Na kama yatsunta na kai su kan facin. Ta shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ta tsaya a kan gibin. Ita ta sha kai wa mahaifinmu abinci gona, ta san galmar fiye da ni. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta goge baƙin man a zanenta, ta ce, "Tahi ka gaya ma liman a shimfiɗa tabarmi gobe."

Aka yi zaman gaisuwa, aka yi addu'a. Daga ranar ba ta sake ware tuwo ba, kwanon ma ta bayar. Na ce mata zan cire ƙarfen in nemo wani, don ni kaina ba na iya tuƙi da shi a bayana. Ta ce in na cire ba ta yafe ba.

Yana nan har yau. Don in raga mata, na gwada kashe inji tun daga bakin lungu in gangaro shiru, amma kukan ba daga inji yake ba, muddin taya na juyawa ba a taka totur ba sai ya yi. Kullum da yamma in na shigo, ina tarar da ita zaune a zaure ta juyo da kunne. Takan bari sai kukan ya mutu gaba ɗaya, sannan ta ce mana sannu da zuwa, mu biyu.