Dattijuwa da Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Tun shigowarta filin sayar da motocin, dillalin bai yarda da dattijuwar nan ba. Ta wuce motocin iyali ko kallo, ta tsaya gaban wata ja mai ƙofa biyu, irin ta samari masu son gudu. Hannayenta ne suka dame shi, kaurara, ga tabon ƙuna.

"Mama, ɗanki za ki saya wa?"

"Kaina zan saya wa," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tana bin jikin motar tana ƙwanƙwasawa, tana kasa kunne, shi kuwa yana biye da ita. Wani dillali ne ya turo ta? Ko kuwa a garejin gyaran mota ta ƙare ƙuruciyarta? Daidai ƙofar hagu, inda aka cike lotsawa aka shafe da fenti, sai ta tsaya, ta dube shi.

"Ka ce ba ta taɓa haɗari ba?"

"Mama, ai ban ce komai ba tukuna."

"Madalla, ɗana. Ci gaba da shirun, ka miƙo makulli."