Ƙanzon da Na Riƙa Zuba wa Karen Baba

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba na jin zan manta da abin da ya faru tsakanina da tsohon karen mahaifinmu.

A wani ƙauye muke can wajen Kakangi. Karen ja ne, mai yankakken kunne, shi ke bin Baba gona yana korar birai daga masara. Ranar da 'yan bindiga suka ɓullo ta bakin daji da hantsi, haushinsa ne ya sa muka kwashi mata da yara muka shige cikin dawa. Da Baba ya rasu, ciyar da shi ya dawo hannuna.

Ni kuwa abin da na taso na gani shi na ci gaba da yi: ƙanzo, busasshen tuwo, in an yi yanka a jefa masa ƙashi. Kasko ɗaya nake zuba musu shi da wasu ƙananan karnuka biyu, in juya in tafi. Ban taɓa tsayawa na ga wa ya ci ba. Da ya rame har haƙarƙarinsa suka fito, sai na ce tsufa ne. Wata rana na ga ya shinshina ƙanzo ya koma gindin rumbu ya kwanta. Har tsaki na yi, na ce, "Yunwa ce ba ta kama ka ba." Wannan maganar har yau tana cina.

Maƙwabcinmu, wani dattijon Gbagyi tsohon mafarauci, shi ya shigo aron gatari ya tarar da karen a kwance. Ya tsuguna ya buɗe masa baki, abin da ni ban taɓa yi ba.

"Ɗana, zo ka duba."

Dasashin duk ya kumbura, haƙoran sun zube sai uku, su ma suna girgiɗi.

"Da me zai tauna? Yunwa yake ji, abincin ne ya fi ƙarfinsa."

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba."

"Ba ka duba ba dai. Ka jiƙa masa tuwo da romo ya yi ruwa-ruwa kamar kunu. Kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Kuma ka ware masa kaskonsa, waɗannan ƙananan ba za su bar shi ya ci ba."

Nan take matata ta dama tuwo da ruwan ɗumi, ta marmasa busasshen kifi a ciki bayan ta cire ƙaya. Karen ya lashe tas, ya ɗago kai yana kallona. Na kasa haɗa ido da shi. Ashe wata da watanni yana kwana da yunwa, abinci na gabansa.

Mako biyu muka yi muna ba shi haka. Har ya fara takowa ƙofar gida yana tarbata, amma jiki ya riga ya tafi. Wata safiya na kai masa kaskonsa, na tarar ya mutu.

Tun daga nan na gane cewa zuba abinci daban, ciyarwa daban. Duk abin da ya tsufa a hannunka, dabba ne ko mutum, ka tsaya ka ga ya ci kafin ka juya baya.