Ba Miludi, Mai Cuɗar da Ya Ɓoye Takalman Rayis

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, da an sallame sallar Asuba Ba Miludi ba ya komawa gida. Sai ya bi layin masu gina tukwane ya gangara gidan wankan maza na unguwarmu. Zai fara leƙa Si Rahal mai hura wuta ya yi masa tsiya, wai ruwan jiya ko ƙwai ba zai dafa ba. Daga nan ya tuɓe, ya ɗaura tawul, ya zura soso a hannu, ya shige ɗakin tururi. Aikinsa cuɗa. Ka kwanta rub da ciki a kan dutse mai ɗumi, ya shafe ka da baƙin sabulu, ya dirje ka har ka ga dauɗar da ba ka san kana yawo da ita ba, yana yi yana ce maka, “Kai, wannan ai tun ta bikinka ce!”

To, Jumma'ar da ta wuce ya ajiye soso, gwiwoyi sun ce sun gaji. Jama'a, ku zo ku ga taro! Masunta, direbobin tasi, malaman makaranta, har liman, kai ka ce rabin garinmu na Asfi ne ya tuna da wanka rana ɗaya. Kuma wallahi ba don dauɗar da ya fitar mana muka cika wurin ba.

Kun dai san halinmu. Namijinmu ko gidansa na ci da wuta, ka ce masa “Yaya?” zai ce “Lafiya lau, alhamdu lillahi,” ya gyara hula ya wuce. Amma Ba Miludi ya gano abin da ya fi ƙarfin wannan taurin kai. In mutum ya kifa fuska a kan dutse, ba ido a kansa, ga tururi ya rufe ko'ina, hawaye da gumi ba mai bambancewa, sai bakinsa ya buɗe. Hannun Ba Miludi kuwa ya riga baki jin labari: ya san kafaɗar da ta kwana uku ba barci, ya san haƙarƙarin da ya fito don mai shi ya daina cin abinci.

Ba haka kawai ya iya ba, sai da ya sha wuya. Kowannenmu yana da tasar tagulla ta ɗiban ruwa da ya gada wurin mahaifinsa, kuma ba ta barin hannun mutum sai ranar da aka kai shi makwanci, ɗansa ya ɗauka. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wani maginin tukwane mai suna Mubarak ya gama wanka ya miƙa wa Ba Miludi tasarsa, ya ce kyauta ce. Ba Miludi ya yi ta murna, ya yi ta godiya, har da nuna wa mutane. Bayan kwana uku aka yi jana'izar Mubarak. Da hannunsa ya bar duniya, kowa ya sani, ba wanda ya furta. Abin ya kwantar da Ba Miludi kansa. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya rame ya zama kamar sanda, har sai da matarsa Lalla Zuhur ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan masu ciwon damuwa. Ya sha magani, ya yi magana, ya miƙe. Tasar Mubarak tana nan rataye a ƙusa a bakin ɗakin tururi har yau.

Sai kuma ga Rayis Jilali, shugaban jirgin kamun kifi, mutumin da in ya yi dariya a bakin teku ana jiyo shi a kasuwa. Wata rana iska ta taso musu, ƙaninsa Abdurrazak ya faɗa ruwa daga jirginsa, a gaban idonsa, ko gawa ba a samu ba. Mutane suka ce ƙaddara ce, ya ce haka ne. Suka ce ya yi haƙuri irin na maza, ya ce to. Wata bakwai bai taka jirgi ba, bai zauna gidan shayi ba, mu kuma muka ce ai yana hutawa ne.

Ran wata Talata da hantsi sai ga shi a gidan wanka. Masunta ranar Jumma'a suke zuwa, kowa ya sani. Ya yi aski, fuskarsa a sake, har da gaida kowa da suna. Ya kwanta ya ce, “Ba Miludi, yau ka cuɗe ni sosai, kada ka bar ko'ina.” Da aka ɗauraye shi sai ya juyo, ya ɗauki tasarsa ya miƙa.

“Riƙe wannan. Ka yi wa babana hidima, ka yi mini.”

Ba Miludi ya dubi tasar Mubarak da ke rataye a ƙusa. Ya ce, “Ɗanka Anwar fa, da ke aiki a Agadir?”

“Shi ɗan zamani ne, ta roba yake so.”

“To, koma ka kwanta, akwai saura a bayan wuya. Bari in ƙaro sabulu.”

Sabulun me! Tsohon nan ya fita da sauri har yana zamewa, ya kwashe takalman Rayis da jallabiyarsa daga ɗakin tuɓe kaya, ya kai wa Si Rahal ya ce ya tura bayan itace, in ya ba wani ba shi ba shi. Ya dawo, ya ɗora hannu a gadon bayan Jilali, ya sunkuya daidai kunnensa, ya yi tambayar da duk muka kasa yi wata bakwai.

“Ɗana, kashe kanka kake shirin yi?”

Jilali ya zabura. “Kai tsoho, ka san da wa kake magana kuwa?” Ya finciki tawul ya yi waje, ya duba nan, ya duba can, ba takalmi ba riga. Sai ihu: “Wane ɗan banza ne ya taɓa mini kaya?”

“Ni ne ɗan banzan,” in ji Ba Miludi, yana tsaye a ƙofa ruwa na ɗiga daga gemunsa. “Ga hanya nan, Rayis. Bi ta layin masu tukwane da tawul ɗinka, matan unguwa duk suna kasuwa yanzu, su ma su ba idonsu abinci.”

Mutum huɗu ne a wurin ranar, kuma duk abu ɗaya suka faɗa. Jilali ya ɗaga hannu kamar zai kai duka, sai hannun ya sauka da kansa. Ya zauna a kan benci, ya rufe kai da tawul, ya fashe da kuka irin wanda ba su taɓa jin namiji ya yi ba. Yana cewa shi ya ce a fita ranar, Abdurrazak ya ce a dakata, shi ya ƙi. Yana cewa in ya rufe ido hannun ƙaninsa yake gani a saman ruwa. Ba Miludi bai ce masa ƙaddara ba, bai ce ya yi shiru ba. Ya zauna kusa da shi har ya yi mai isarsa, sannan ya ce su tashi su je asibiti.

Jilali ya share fuska ya ce, “Wurin mahaukata za ka kai ni? Gobe duk bakin teku a ce Rayis ya zare?”

Ba Miludi ya buɗe jakarsa ya zaro katin asibitinsa, wanda ya tsufa har ya yi laushi, ya ɗora masa a cinya. “Karanta sunan da ke kai. To mahaukacin ne yake cuɗarka shekara da shekaru, ka taɓa ganin na ciji wani?”

Haka suka fita tare, bayan Si Rahal ya zaƙulo takalman da jallabiyar duk sun yi toka. Ba Miludi ya bar wani malamin makaranta kwance da sabulu a rabin jiki yana kiran, “Ni fa, Ba Miludi?” Ya ce masa, “Kai dauɗa ce kawai ke damunka, jira!” A ranar likita ya ga Jilali, a ranar matarsa ta san gaskiya, aka kuma kira Anwar ya taho. Tasar kuwa Ba Miludi ya ce ajiya ce ba kyauta ba, duk Jumma'a sai Rayis ya zo da ƙafarsa ya karɓa ya yi wanka ya mayar. Haka ya riƙa ganinsa kowane mako har wata goma, har ranar da muka sake jiyo dariyar nan daga bakin teku.

Ba Miludi, kai ne ka koya mana cewa a tambayi mutum kai tsaye ba rashin kunya ba ne. Kai ne ka raka direba Abdulkabir asibiti lokacin da ya rasa aiki ya daina fita daga ɗaki. Kai ne ka tsare liman a ƙofar wanka har ya yarda ya faɗa a huɗuba cewa a yi addu'a, a kuma ga likita, ɗaya ba ya korar ɗaya. Mai hannun soso, ba ka da takardar kowace makaranta, amma akwai gidaje a garin nan da uba yake zaune a kan tabarmar cin abinci saboda kai.

Ranar Jumma'ar nan, da aka gama shayi da addu'a, Rayis Jilali ya daka tsawa: “Tsoho, tuɓe ka kwanta! Yau mu za mu rama.” Aka kwashe da dariya, aka yi ta tafi. Ba Miludi ya kifa fuska a kan dutsen da ya shekara arba'in da ɗaya yana kwantar da wasu. Jilali ya zura soso, ya ɗebo ruwa da tasar babansa, ya fara dirza. Can sai hannunsa ya tsaya a kan kafaɗa.

“Ba Miludi, yaya zuciyar?”

“Lafiya l...” Sai tsohon ya fasa ƙarasawa. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. “Tsoro nake ji, Rayis. Gobe in an sallame Asuba, ban san inda zan nufa ba.”

“Bakin teku za ka nufa, akwai kujerarka da shayinka a rumfarmu, ga maza talatin da ba su iya cewa komai ba sai lafiya lau. Kuma kada ka ce za ka yi mini gardama, takalmanka suna wurin Si Rahal.”

Allah Ya saka maka da alheri, Ba Miludi, Ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi. Mun gode, mu da matanmu da 'ya'yanmu. Ku kuma 'yan'uwana maza, in nauyi ya yi muku yawa ku faɗa, ku je wurin likita, ba wanda ya taɓa raguwa don ya je. In kuma abokinku ne ya ɗauke ƙafa, ko ya fara rabar da abin da ba a rabarwa, kada ku yi godiya ku wuce. Ku zauna, ku tambaye shi ƙiri-ƙiri, ku raka shi da ƙafarku. In ya ce zai tafi shi kaɗai, ku ɓoye takalmansa.