Furen Siberiya na Malam Haliru

Duk wanda ya san bakin hanyar Sakkwato a Gusau ya san Malam Haliru mai dashe. Ɗan Nahuce ne, manomi jikan manomi, tun yana saurayi ya baro gona ya kama sayar da dashen mangwaro da gwaba da furanni. Mutum ne mai hannu, ko sanda ya kafa sai ta yi toho. Aibinsa ɗaya: ya san da haka, kuma ba ya gajiya da faɗi.

Wata rana Hajiya Zuwaira, wadda ta daɗe tana sayen dashensa, ta kawo masa wani iri, baƙaƙe ƙanana, ƙulle a leda. Ɗanta Mahadi da ke karatu a Rasha ne ya aiko. Wai kolumbin sunansa, fure ne shuɗi na ƙasar Siberiya mai sunkuyar da kai. Ita dai burinta ta ga abin da ɗanta yake gani.

"Malam, yaron yac ce a sa irin ga cikin firij tukuna. Sai ya sha sanyi shika tsirowa."

"Haba Hajiya, iri ai ba nama na ba," in ji Haliru. "Bar mani shi."

Ya yi yadda ya ga ana yi a gidansu. Ya shanya shi a rana, ya cuɗa da toka, ya shuka a tukunya cike da takin awakin Nahuce. Ya yi masa rumfar zana, ruwa ma sai na randa. Ranar da tsiro ɗaya ya leƙo, ba wanda bai ji labari ba, har direbobin tasha.

Da ganye ya buɗe, sai ya ga kamar ya san shi. Ya murza ɗaya, ya ji yauƙi. Karkashi ne, a cikin takin ya biyo. Irin Siberiya kuwa ko ƙwaya bai tashi ba. A nan ya kamata ya je ya faɗi gaskiya. Ina! Kunya ta ɗaure masa ƙafa. Ya ci gaba da ban ruwa, yana ta kaffa-kaffa da ganyen miya. Da ya yi fure, ya ce wa mutane zafin Gusau ne ya koɗar da shuɗin.

Hajiya ta zo gani, majalisa cike da jama'a. Macen da ta tsufa tana kaɗa miya! Ta duƙa, ta daɗe tana kallo.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce a hankali. "Ya ji kulawa."

Ta tsinki ganye ta ƙulle a gefen mayafi ta tafi.

Bayan la'asar mai babur ya kawo masa kwano daga gidanta: tuwon dawa da miyar karkashi. A kan murfin ga ƙullin leda, sauran irin ne, sanyi ƙalau daga firij. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya koma bayan rumfa, ya ba hanya baya, ya cinye tuwon kansa a ƙasa.

Sannan ya tsallaka wurin Abdu mai sayar da lemo, wanda ya fi kowa shan labarin furen.

"Abdu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "firijin ga naka da sauran wuri?"